Kwantum na Bakin Tasha da Kwantum na Gaskiya

  

Jama'ar Zango, kwanakin baya na je tasha a nan Kumasi zan sa saƙo a motar Tamale, sai na ga an yi cincirindo a ƙarƙashin wata lema. Wani saurayi ne cikin farar riga irin ta likitoci, gabansa tebur, kan teburin kwamfuta, an jona mata wata 'yar sandar ƙarfe da ba ta wuce tsawon tocila ba. Ka biya sidi kaɗan, ka damƙe sandar, kafin minti ɗaya allon ya cika da rubutu, wani ja wani kore. Wata dattijuwa ta damƙa. Aka ce mata hantarta ta gaji, jininta ya yi kauri, ƙodarta ta hagu tana neman tsayawa. Nan take jikinta ya yi sanyi, kuma kafin ta gama salati an jera mata kwalabe uku a gabanta. Na matsa na tambayi yaron sunan na'urar. Ya dube ni sama da ƙasa kamar yau na sauka daga ƙauye, ya ce, "Alhaji, kwantum ce. Sabuwar kimiyya."

Ban ce masa uffan ba, na sa saƙona na tafi. Amma har na kwanta abin yana ci na, domin na ga baiwar Allah nan ta kwance bakin zane tana ƙirga kuɗi. Shirun da na yi ranar nan shi na zo in biya yau.

Kwantum dai akwai shi, kuma ba sabo ba ne. A shekarar 1925 wani matashi Bajamushe, Werner Heisenberg, ɗan shekara 23, ya tsara lissafin da ya buɗe wannan fanni, wato ilimin yadda ƙwayar zarra da abin da ke cikinta suke tafiyar da harkarsu. Abin da masana suka gano shi ne, can ƙasa a wannan ƙanƙanta, ƙarfi ba ya kwarara kamar yadda mai koko ke zuba maka gwargwadon kuɗinka. Dunƙule-dunƙule yake zuwa kamar magi, ko ɗaya ko biyu, babu ɗaya da kwata. Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Ka jefa ƙwallo jikin bango, dole ta dawo maka. Amma ƙwayar lantarki, idan bangon ya yi siriri sosai, wani lokaci sai kawai a gan ta a ɗaya gefen, bango kuwa ko tsagewa bai yi ba. Kada wani ya ce aljannu ne. Abu ne da aka lissafa, aka auna, aka maimaita sau ba adadi, har aka gina kayan aiki a kansa. Ma'ajiyar da ke riƙe hotunan bikin 'yarka a wayarka da wannan ratsa bango take aiki. Ƙwan fitilar LED da ke rage mana kuɗin wuta, da hasken laser, da na'urar MRI da ake shigar da majinyaci a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, duk 'ya'yan wannan ilimi ne.

A watan Oktoba na 2025 aka ba mutum uku kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks, John Clarke da Michel Devoret da John Martinis, saboda gwajin da suka yi a Berkeley ta Amurka a 1984 da 1985. Sun nuna cewa wannan ratsa bango yana faruwa har a da'irar lantarki da mutum zai iya riƙewa a tafin hannu, matuƙar an sanyaya ta fiye da duk wani sanyi da ke bayan ƙasa. Ku lura da tazarar: shekara arba'in tsakanin gwajin da kyautar. A kan aikinsu ne kamfanoni irin su Google suke ƙera kwamfutar kwantum, kuma har gobe masu ƙera ta suna faɗa da bakinsu cewa ba ta kai ga aikin yau da kullum ba tukuna. Masu biliyoyin daloli ke nan suna cewa da sauran aiki, shi kuwa ɗan'uwanmu na ƙarƙashin lema ya gama duba hanta da ƙoda a minti ɗaya. Ku shiga asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Ji, ku zagaya sashe-sashe, ba za ku tarar da likita yana gwada ƙoda da sandar nan ba.

Wani abin da da yawa cikinmu ba su ji ba, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum, kuma Ghana ce ta gabatar da ƙudurin a zauren majalisar, aka amince da shi ranar 7 ga Yuni 2024. Ba kuwa shisshigi muka yi ba. Marigayi Farfesa Francis Allotey, haifaffen Saltpond a 1932, ya yi digirin digirgir a Princeton, ya fitar da wani lissafi kan yadda hasken X-ray ke fita daga jikin ƙarafa, wanda har yau da sunansa ake kiransa. A nan Tek, Jami'ar Kwame Nkrumah, ya yi shekaru yana koyarwa kafin ya rasu a 2017. Tsakanin ƙofar jami'ar da Zangon Ayigya kwalta ɗaya ce. Ku riƙe mini wannan kwalta, zan dawo kanta.

Taurarin ɗan'adam da ke nuna wa direba hanya a waya, da agogon zarra suke aiki, shi ma ɗan gidan kwantum ne. Irin wannan daidaito na awo ne ya sa tun daga 1993 ake auna tsayin teku daga sama, kuma awon ya nuna ruwan tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 10 daga lokacin zuwa yanzu, saurin hawansa ma ya ninka. Na san wani a majalisar shayi zai ce, santimita goma, faɗin tafin hannu ke nan, kuma mu da ke Kumasi ina ruwanmu da teku?

A je a tambayi mutanen Keta. Garin nan yana zaune a kan siririn yashi, teku a gaba, tabki a baya. Ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784, teku ya cinye babban ɓangarenta. Kusa da bakin kogin Volta akwai wani ƙauyen masunta, Fuveme. Farfesa Kwasi Appeaning Addo na Jami'ar Ghana da ke Legon ya riƙa tura jirgi maras matuƙi yana ɗaukar hoton gaɓar, ya gwama da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa tsakanin 2005 da 2017 ƙauyen ya rasa kashi 37 cikin 100 na ƙasarsa. Gidaje da makaranta sun tafi cikin ruwa. A Nuwamba 2021 kuma igiyar ruwa ta afka wa yankin Keta da Ketu ta Kudu da asuba, mutane dubbai suka wayi gari ba wurin kwana.

Hawan teku yana cikin dalilan, amma masu bincike sun nuna wani dalili da ke da hannunmu a ciki. Da can Volta yana kwaso yashi daga arewa ya zube a bakin teku, igiya ta raba shi gabas, gaɓa ta riƙa samun ciko. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, yashin ya tsaya a bayan bango, igiya kuwa ba ta daina ɗiba ba. Wutar da muke kunna fanka da ita a Aboabo, wani ɓangaren kuɗinta mutumin Keta ne ya biya da ɗakin kakansa. Ga kuma masu kwasar yashin gaɓa su kai wurin gini. Sannan ledar ruwan da muke wurgawa cikin rafin Aboabo, ba ɓacewa take yi ba. Ta bi Oda, ta shiga ruwan Pra, ta haɗu da laka da gubar 'yan galamsey masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, duk su fita teku a Shama. Daga tekun nan kuma ake kamo kifin amane, a ƙyafe shi, a loda a mota, ya dawo kasuwar Asafo da Kejetia, ya shiga yajin wake da shinkafarmu. Fiye da rabin naman da ɗan Ghana ke ci kifi ne. Masanan Jami'ar Cape Coast da takwarorinsu sun daɗe suna gargaɗin cewa ƙananan kifayen nan suna ƙarewa saboda yawan kamu, abin da ya sa gwamnati ta fara rufe teku na wata guda ga masu kwalekwale a 2019. Hajiya da ke faɗa da mai kifi kan tsada, ki sani rabin faɗan naki da teku kike yi. Kakanninmu ma ai sun san wannan hanya: gishirin Ada ta Volta yake haurawa zuwa Salaga, inda fatake ke haɗa shi da goro.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi kusa da jikinmu, lafiya, domin a nan ne sandar ƙarfen nan take yin ɓarna, kuma a nan ne Kumasi take da abin nunawa.

A Agogo, nan Asante Akyem, asibitin Presbyterian na cikin wurare 11 a ƙasashen Afirka 7 da aka gwada allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta farko a duniya, mai suna RTS,S, daga 2009 zuwa 2014. Kintampo ma tana ciki. Yara sama da 15,000 aka sa a gwajin. Ga yadda aka yi: aka raba yaran ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu wannan allura, wasu aka yi musu wata allurar rigakafin daban, uwa ba ta san wadda aka yi wa ɗanta ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Shekara da shekaru ana bin su gida-gida, duk zazzaɓin da ya kama yaro a ɗebi jini a rubuta. Da aka buɗe littafi aka ƙirga, me suka ce? Sun ce yaran da suka samu allura huɗu, zazzaɓin ya ragu musu da kusan huɗu cikin goma. Ba su ce goma cikin goma ba. Suka ƙara da cewa kada a ajiye gidan sauro. Ni wannan magana ita ta sa na yarda da su. Ɗan kasuwar da ya nuna maka inda atamfarsa ta yi zare, shi ake komawa wurinsa.

A 2019 aka fara yin allurar a wasu yankunan Ghana da Kenya da Malawi, yara sama da miliyan 2 suka samu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutuwar ƙananan yara a wuraren ta ragu da kashi 13 cikin 100. Hukumar ta amince da ita a Oktoba 2021. Sai ga ta biyu, R21, wadda Jami'ar Oxford ta haɗa, kamfanin Serum na Indiya yake sarrafawa, kuma a Afrilu 2023 Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta ba ta lasisi. Uwa, in kin kai yaro awo, ki buɗe baki ki tambayi nas batun wannan allura. Tambaya ba ta zama rashin kunya ba.

A cikin harabar Tek akwai cibiyar KCCR, wadda aka kafa a 1997 da haɗin gwiwar jami'ar da Ma'aikatar Lafiya da wata cibiya ta Hamburg a Jamus. Ita ce ta riƙa gwada samfurin korona na arewacin ƙasar nan a 2020. Akwai wani gyambo da ake kira Buruli, mai cin fata har ya kai ƙashi, yana kama manoma da yara a yankunan fadama. A da maganinsa allura ce kullum har kwana 56, allurar da kan kurumtar da wasu. Farfesa Richard Phillips na wannan cibiya ya jagoranci gwaji kan majinyata kusan 300 a Ghana da Benin, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2020: ƙwayoyi iri biyu na sha, mako takwas, suna warkarwa daidai da allurar. Ka tuna yaro ɗan shekara tara a ƙauyen Tepa da za a riƙa tsira wa allura kowace safiya kusan wata biyu, yanzu ruwa kawai zai kora. Daga garinmu aka jagoranci wannan aiki, amma in ka tsayar da mutum goma a Alabar, da wuya ɗaya ya taɓa jin labarinsa.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne amosanin jini, sikila. Babu layin da za ka shiga a Zango ba ka sami gidan da ke fama da shi ba. Yaro ya kwana yana ihu da ciwon ƙashi, idonsa ya yi ɗorawa, damina ta zo ciwon ya tashi, a ce mayu ne, a ce iska ce, a ce kishiya ce. Cikin kowane jarirai 100 da ake haifa a Ghana, kimanin 2 suna zuwa da shi. Marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, tsohon ɗalibin Prempeh College, wanda ɗansa na fari ya zo da wannan ciwo, shi ya dawo daga Philadelphia ya fara gwajin jarirai a nan Kumasi a 1995. Ɗigon jini ne daga diddigen jariri. In aka gano da wuri, a fara ba shi penisilin kullum, a koya wa uwa taɓa saifa da lura da zazzaɓi, yaron da da zai rasu kafin shekara biyar sai ga shi a makaranta. Ya rasu a Mayu 2022, amma asibitin sikila na Ji yana nan. Tun 2019 kuma aka faɗaɗa ba da maganin hydroxyurea, mai rage yawan tashin ciwon.

Can waje an kai ga gyara ƙwayar halittar kanta. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani, Casgevy, wanda ake ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci a gyara a mayar. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Ba na jin ko an tara kuɗin Kejetia na yini guda za a yi wa yara da yawa. Abin da ke hannunmu ya fi wannan araha nesa ba kusa ba: gwajin jini kafin aure. In namiji AS ne mace AS ce, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai sikila. Kowane ciki, ba wai ɗa na huɗu ba, domin na ji masu cewa za su tsaya a uku su tsira. Kuma a nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Ban da S akwai wani nau'i, C, wanda ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, wato tushen da yawa daga cikinmu, Mosawa da Dagombawa da sauransu. Mai AC ya auri mai AS, za su iya haifar mai SC, shi ma sikila ne, yana kuma taɓa ido. Saboda haka kada saurayi ya ce "ni ba ni da S" a shafa fatiha. A ga takarda.

Na san dalilin da ya sa wasu dattawanmu ke ɗari-ɗari da mai farar riga, kuma ba na ganin laifinsu gaba ɗaya. A 1924 annobar ɓeraye ta ɓarke a Kumasi, Turawan mulki suka rushe tsohon Zango da sunan tsafta, aka tashi mutane, aka gina Sabon Zango. Wanda likita ya fara zo masa da diga da shebur, jikansa ma zai yi tunani kafin ya miƙa hannu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai abin da ke ɗaure mini kai, muna gudun wanda ya yi shekara biyar yana ƙirga yara dubu goma sha biyar, muna kuma miƙa hannu da kuɗi ga wanda ba mu san daga ina ya ɗauko farar rigarsa ba. In tsoro ne, a yi shi daidai. Duk wanda ya zo da magani ko na'ura, ko daga Hamburg yake ko daga bayan tasha, a tambaye shi: a kan mutum nawa aka gwada, da me aka gwama, wa ya duba lissafin, kuma ina ne ba ya aiki? Mai gaskiya zai ji daɗin tambayar. Wanda ya fusata, ka ɗauki jakarka.

To ga kwaltar da na ce ku riƙe mini. Kowace safiya 'yan Zangon Ayigya suna tsallaka ta su shiga Tek. Wasu gadi, wasu shara, wasu tallan wake da shinkafa, wasu tuƙin tasi. Sana'a ce ta halal, Allah ya sa albarka. Amma ina so in ga ranar da yarinya mai hijabi daga Sawaba za ta tsallaka da jakar littattafai ta shiga ɗakin gwaje-gwajen KCCR, ta zama ita ce mai ƙirgar, ta dawo ta yi wa kakarta bayani da Hausa. Akwai su, na san akwai, amma ba su kai yawan da ya kamace mu ba. Yaron da ya iya haddace izu sittin, ko ya raba gado da lissafin fara'ili ba tare da ya ɓata ba, lissafin Allotey ba zai gagare shi ba. Abin da ke kayar da shi kuɗin littafi ne, da uban da ke cewa ya bar boko ya bi shi shago, da auren da ake yi wa yarinya tana aji biyu a sakandare.

Roƙona ga limamanmu da sarakunan Zango, kada a ɗaura aure sai an ga takardar gwajin jinin ango da amarya, a karanta ta da kyau, S da C duka. Masu hali kuma, cikin kuɗin da ake liƙi ranar biki, a cire na yaro ɗaya mai son kimiyya a biya masa har ya gama. Ke kuma Hajiyata ta tasha, in kina saurare, ki ajiye kwalaben nan, gobe da safe ki sa jikanki ya raka ki asibiti a ɗebi jininki a gwada ƙodar da gaske.